Ƙarin Sifirin da Babbar Taya ga Akori-kura

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a bakin tashar Tambuwal ranar kasuwa da hantsi ya san irin shigowar da akori-kura ke yi daga ƙauyuka. Buhuna a ƙasa, kwanduna a bisa buhuna, mutane a bisa kwanduna, wani lokaci har da akuya ɗaure a jikin ƙarfe. Waɗansu motocin sukan shigo bayansu na jan ƙasa, hancinsu na kallon sama. Waɗansu kuwa, da irin wannan lodin, sai ka gan su tsaye cak kamar ba su ɗauko kome ba. Idan ka tambayi yaron mota dalili, sai ya ce maka, "Ai wannan an yi mata aiki." Aikin da yake nufi iri biyu ne: an ƙara mata sifirin a baya, an kuma sa mata tayoyin da suka fi nata na asali girma. Da yawa daga cikinmu da kuɗin irin waɗannan motoci ake biya mana kuɗin makaranta, a bayansu kuma muke komawa gida in an yi hutu. Saboda haka na ga ya kamata mu san abin da wannan aiki yake yi wa mota, da abin da ba ya yi mata.

Da farko dai, ba don ƙawa mutanenmu suke ɗaga mota ba. A Amurka, inda al'adar ta yi ƙarfi, samari da yawa don ado suke yi, motar ma ba ta taɓa ganin buhu ba. Mu nan larura ce. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji da Tambuwal ta nufi Jega kwalta ce, amma amfanin gona ba a kan kwalta yake tsirowa ba. Wanda zai kwaso gero da dawa da shinkafa da albasa daga ƙauyukan ƙasar Kebbe, wajen su Kuchi da Girkau, ko daga fadamun gulbin Zamfara, dole ya sauka ya bi turba. Da rani rairayi, da damina taɓo da zaizayar ruwa. Manyan motoci sun haƙa ramuka biyu a turbar sun bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota in ta shiga sai cikinta ya zauna a kan tudun, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi yankinmu a 'yan shekarun nan, babu direban da ke son mota ta maƙale masa a daji har rana ta faɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kowane direba so yake ya kwashe a sawu ɗaya abin da da yake kwashewa a sawu biyu. Wanda bai fahimci wannan ba, ba zai yi wa direbobinmu adalci ba.

Akori-kura ta daɗe a ƙasar nan. Iyayenmu suna tuna Peugeot 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Daga baya Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, da sauran ire-irenta suka cika tashoshi. Dukkansu a kan tsari guda aka yi bayansu. Akwai aksul, watau ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin baya biyu, a tsakiyarsa da wani ƙululu mai kama da tukunya inda haƙoran da ke juya tayoyi suke. Akwai kuma sifirin, falle-fallen ƙarfe masu lanƙwasa da aka jera, babba a sama ƙanana a ƙasa, su ne suka haɗa aksul da shasi. Bodi da lodi duk a kan sifirin suke zaune, sifirin a kan aksul, aksul a kan taya, taya a kan ƙasa. Ku riƙe wannan jerin, domin duk maganar a kansa take.

Ku lura da sabuwar akori-kura in ba ta da kaya, za ku ga bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi. Ba kuskure ba ne. Masu ƙira da gangan suka yi haka, domin in an ɗora mata nauyin da aka ƙayyade, sifirin ya miƙe, ta daidaita. Nauyin kuwa ga yawancin irin waɗannan motoci bai wuce tan ɗaya ba, ko da ɗan ɗoriya, har da direba da fasinja. A lissafin buhu mai kilo 100, buhu 10 ke nan. In aka wuce haka sai bayan ya faɗa, aksul ya fara dukan robar da aka maƙala a jikin shasi. Ashe sifirin ba ɗaukar kaya kaɗai yake yi ba, shi ne sikelin motar, shi ne bakin da take cewa ta gaji.

To, idan makaniki ya kwance sifirin ya cusa falle biyu ko uku, sau da yawa ma na wata babbar mota da aka yanka, me ya canja? Bodi ya tashi da inci biyu ko uku, kuma ya daina faɗawa ƙarƙashin lodi. Iyakarta ke nan. Aksul ɗin jiya ne, boris ɗin cikinsa na jiya ne, birki na jiya, shasi na jiya. Nauyin da ke sauka a kansu bai ragu da ko tiya ɗaya ba, sai ma ƙaruwa, don yanzu direba ba ya ganin alamar da za ta hana shi ƙara buhu. Kamar mai jaki ne ya ɗaure bakin jakinsa don kada ya ji nishinsa, sa'an nan ya ce jakin ya ƙara ƙarfi.

Abu na biyu da mutane ba su lura da shi ba, ƙarin sifirin ba ya ɗaga tukunyar aksul daga ƙasa ko da faɗin gashi. Sifirin a jikin aksul yake ɗaure, shasi da abin da ke bisansa kaɗai yake ɗagawa. Ita kuwa tukunyar ita ce mafi kusa da ƙasa a bayan mota, ita ce ke fara sukar tudun turba. Wanda ya ƙara falle don motarsa ta daina maƙalewa a rairayi ya yi asarar kuɗinsa.

Akwai wani lahani a ɓoye wanda ni kaina ban sani ba sai da wani tsohon makaniki ya kwanta ƙarƙashin mota ya nuna mini da yatsa. Tsofaffin Hilux da yawa, waɗanda ba su da birkin zamani mai kwamfuta, suna da wata 'yar na'ura a jikin shasi da siririn ƙarfe da ya sauko ya kama aksul. Aikinta ta auna yadda bayan mota ya faɗa. In ya faɗa ƙwarai, ta san akwai lodi, sai ta buɗe wa man birki hanya ya kama tayoyin baya da ƙarfi. In bai faɗa ba, ta ɗauka motar wofi ce, sai ta rage, don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya. Ka ga ke nan, motar da aka ƙara wa falle ba a gyara wannan na'ura ba, tana ɗauke da buhu 20 amma birkinta na baya yana zaton ba kome a kai. Aikin tsayawa ya koma wa birkin gaba kusan shi kaɗai. Tsohon ya ce mini da harshensa na Basakkwace, "Ɗana, ƙarhe ba shi ƙarya. Mu munka koya mashi."

Yanzu sai taya. Ita ce kaɗai take iya ɗaga aksul, don ita ce a ƙarƙashinsa. Amma nawa take ɗagawa? Nan lissafin da muke yi a aji yake da amfani. A jikin kowace taya akwai rubutu. Tayar da Hilux da yawa suka zo da ita an rubuta mata 205 R16 C. Lambar 205 faɗin tayar ne a milimita, 16 kuma faɗin rim ne a inci, watau milimita 406. Tsayin gefen robar a irin wannan taya wajen kashi 80 cikin 100 ne na faɗinta, milimita 164 ke nan. Gefe biyu, sama da ƙasa, 328. A haɗa da rim, tsayin taya gaba ɗaya milimita 734. Sai mu ɗauki babba da ake yawan musanya ta da ita, 235/85 R16. Kashi 85 cikin 100 na 235 ya kama 200. Sau biyu 400, a haɗa da 406, ya zama 806. Bambancinsu milimita 72. Amma aksul a tsakiyar taya yake, rabin wannan kaɗai zai samu, watau milimita 36, bai cika inci ɗaya da rabi ba.

Kada a raina inci ɗaya da rabi. A turbar da manyan motoci suka haƙe, shi ne tsakanin wucewa da kwana a hanya. Ni ban ce babbar taya ba ta da amfani ba. Abin da nake cewa, ba kyauta ake samun wannan tsayin ba, ga kuwa abin da ake biya.

Sabuwar tayar ta fi tsohuwar girma da kusan kashi 10 cikin 100. Agogon gudu juyawar taya yake ƙirgawa, bai san an canja ta ba. Saboda haka in ya nuna kilomita 100, a gaskiya motar tana yin kusan 110. Ƙarfin da injin yake turawa ƙasa ya ragu da wajen kashi 10 ɗin nan, domin doguwar taya kamar doguwar sanda ce da aka riƙe ta wajen gindi. Motar za ta yi nauyin tashi, a hawa sai an koma babbar giya, kuloci ya yi ta ƙonewa, mai ya ƙara tafiya. Birki ma haka, ƙarfin kamunsa a ƙasa ya ragu da gwargwadon wannan. A tara su wuri ɗaya: gudu ya fi abin da direba yake gani, lodi ya ninka, birkin baya yana barci, abin da ya rage na birki kuma an rage masa kashi 10. Malamin kimiyyarmu ya koya mana cewa zafin da birki zai shanye yana ninkuwa in nauyi ya ninku, in kuwa gudu ne ya ninku sai ya ninku sau huɗu. Saniya ɗaya ta ɓullo a kan hanyar Jega ta isa ta nuna wa mutum ma'anar wannan darasi.

Har wa yau, in tayar ta cika girma takan goga a jikin bodi in an murɗa sitiyari har ƙarshe ko an faɗa rami da lodi. Waɗansu sukan kai wa mai walda ya yanke wurin. Waɗansu sukan ɗaga gaban motar ma don ya yi daidai da baya, wannan kuwa yakan karkatar da ƙafafun gaba, taya ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya in ba a sake saiti ba.

Mafi girman haɗari duka shi ne kifewa. Kowane abu yana da cibiyar nauyinsa. Muddin cibiyar tana tsakanin tayoyin dama da na hagu, mota tana tsaye. Ranar da ta leƙa waje, an gama. Tsakanin tayoyin akori-kura wajen mita ɗaya da rabi ne, daga tsakiya zuwa gefe santimita 75 ke nan. Mu ƙaddara cibiyar nauyin tana santimita 75 daga ƙasa. A takarda, sai motar ta karkata digiri 45 kafin ta faɗi. Mu ƙaddara kuma an ɗaga bodi, an jera buhuna har sun wuce kan direba, mutane sun hau bisa, cibiyar ta kai mita ɗaya da rabi. Yanzu digiri 27 ya isa. A kan turba ma ba ta kai haka, domin sifirin yana lanƙwasawa, taya tana lotsawa, buhu yana zamewa wajen da aka karkata, mutane kuma in sun tsorata sukan yi motsi. Duk yarinyar da ta taɓa ɗauko tulu biyu a jere a ka ta san wannan ba tare da ta shiga aji ba.

Abin ya taɓa gidanmu. Kawuna yana da tsohuwar akori-kura, da ita yake ciyar da gida biyu. Bara waccan da kaka ya ƙara mata falle uku kowane gefe, ya sayi tayoyi manya 'yan gwanjo. Na tuna ranar da ya dawo da ita, yara suna zagaya ta, shi kuma yana buga bodi yana cewa yanzu ta zama ƙaramar tirela. Da takan ɗauki buhu 12, ya mai da ita 22. Wata biyu ana samu, har ya fara maganar sabon rufin kwano. Ran nan yana tahowa daga wani ƙauye a ƙasar Kebbe da shinkafa, da mutum shida a bisa, ya zo wani kwari da ruwa ya zaizaye gefe ɗaya. Kwarin da ya ratsa ya fi sau ɗari. Tayar hagu ta baya ta sauka, motar ta jinkirta kaɗan kamar mai shawara, sai ta kwanta. Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya, biyar suka dira. Na shidan, wani dattijo mai kai albasa, buhu ya danne masa ƙafa ta karye. Kuɗin ɗori da na shinkafar mutane da ta jiƙe da na gyara suka cinye ribar wata biyun har da bashi. Wannan zangon sai da na makara mako uku kafin a haɗa mini kuɗin komawa makaranta. Da aka kwance aksul aka tarar boris ɗin gefe ɗaya ya kusa narkewa, watau ko kwarin bai kayar da ita ba, taya na gab da ficewa a kan kwalta, inda abin zai fi muni. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido.

To, wanda larura ta sa dole ya yi wa motarsa aiki fa? Ga abin da na tattara.

A wajen taya, ƙarfinta ya kamata a fara dubawa kafin girmanta. Harafin C ko LT a jikinta yana nufin an yi ta don motar kaya. Bayan girman akwai wata lamba, misali 110. Wannan ba kilo ba ne, alama ce da ake dubawa a jadawali: 100 tana nufin kilo 800, 110 tana nufin kilo 1,060, 120 kuma kilo 1,400, kowace taya, in an cika mata iska yadda aka rubuta. Tayoyin baya biyu masu 110 iyakarsu kilo 2,120. Motar kanta, ba kaya, a ƙaddara tana ɗora musu wajen kilo 700. Ɗora buhu 20 a kai ka yi lissafi da kanka. Mutane da yawa sukan cire ƙaramar taya mai C su sa babba mai faɗi ta jif ɗin birni, alhali ƙaramar ta fi ta jure lodi. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Sa'an nan shekarunta. Tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma suka daina ƙira a Ikeja a 2008, kasuwarmu ta dogara ga tayoyin waje, ciki har da 'yan gwanjon da aka gama ci a Turai. A gefen taya, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an rubuta 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gangami a tashoshi tana gargaɗin kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Roba tana bushewa ko zanenta bai cinye ba, zafin kwaltarmu a watan Afrilu kuwa ba ya ragawa tsohuwar roba. Wannan aiki ne da kowane ɗan aji ɗaya zai iya yi wa mahaifinsa a wurin mai faci, ya durƙusa ya karanta masa lambobi huɗu. Kuma tayoyi biyu na aksul ɗaya su zama girma ɗaya. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, duka huɗun.

Ga rairayi, dabarar da ta fi tsayi amfani ita ce rage iska kaɗan kafin a shiga, domin taya ta shimfiɗu ta daina haƙa. Direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas da wannan suke tafiya. Sharaɗinta ɗaya, a tafi a hankali, a kuma mayar da iskar kafin a hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska ƙarƙashin lodi zafi take yi har ta fashe. Famfon ƙafa bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

A wajen sifirin, in na asali ya gaji ya kwanta, canja shi ko ƙara falle ɗaya don mota ta koma tsayinta na da gyara ne, ba laifi. Amma a ƙara iri ɗaya dama da hagu, a sa sababbin ƙusoshin da ke ɗaure shi da aksul, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki, a duba ko shokozoba ya kai sabon tsayin, a kuma tuna da 'yar na'urar birkin nan. Lodi kuma mai nauyi a ƙasa, a matso da shi kusa da kan direba. Abin da aka rataya a bayan aksul yana ɗage ƙafafun gaba, sitiyari ya yi sakayau, fitilu su haska sama su makantar da mai tahowa.

Kawu ya cire falle biyu daga cikin ukun da ya ƙara, ya sayar da manyan tayoyin ya sayi masu C, na duba masa shekarunsu da kaina. Ya yanki wani kara ya ajiye bayan kujera. In ana lodi sai ya sa shi tsakanin aksul da robar shasi, in karan ya ƙi shiga sai ya ce a tsaya, ko da 'yan kamasho suna ta yi masa surutu. Buhu 13 yake ɗauka yanzu, ranar kasuwa yakan yi sawu biyu in mai ya samu. Har yanzu bai gama biyan bashin ba, dattijon nan mai albasa kuma da sanda yake zuwa kasuwa.